Jirgin da Ya Bi Makarar Malam Sharu

Malam Sharu na Tungar Gawo, can bayan Adabka, ya haura shekara tamanin a duniya ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba. Ba ya cewa haramun ne. In an matsa masa da tambaya sai ya ce shi dai ba ya so, wanda ya san shi ya san shi. Masu katin zaɓe sun zo sun gaji sun tafi, masu katin ɗan ƙasa ma haka. Har kujerar Makka ta wuce shi saboda hoton fasfo. Malamai 'yan'uwansa suka yi ta karanto masa babin lalura, ya saurare su tsaf, ya ce ya ji, ya koma kan buzunsa. Taurin kai ne ko tsoron Allah, wannan kuma tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi a ƙarshen damina, ba mutuwar ce ta fi damunsa ba. Ya ga abin da zamani ya koma. Mutum na kwance yana fama da fitar rai, sai wani ƙaton banza ya zaro waya ya haske masa fuska. Kafin a gama tonon kabari hoton gawa ya kai Legas, da auduga a hanci, an rubuta Innalillahi a ƙarƙashi, masu kallo suna danna alamar kuka suna ɓarar gyaɗa. Abin ƙyama ne, abin a tofar da yawu, amma ya zama ruwan dare har ba a ganin muninsa.

Don haka ya sa aka kira masa babban ɗansa Almustapha, wanda ke ba manyan ɗalibai karatu a zaure tun da idon tsohon ya yi rauni.

"Almu, abu guda nika roƙo gare ka," in ji Malam. "Kada ka bari a ɗauke ni. Ko ina kwance, ko an naɗe ni. Ka kai ni ramina yadda niz zo."

"In Allah Ya yarda, Malam, babu mai ɗaukar ka."

"Allah ba Ya hana alheri. Kai nika tambaya."

Almustapha ya riƙe hannun nan da ya koma ƙashi da fata, ya ce ya yi alkawari.

Malam ya cika da asubahin wata Laraba, lokacin da dawa ta fi tsayin mutum ta fara fid da kai. Almustapha bai samu zarafin kuka ba, gadi ya kama. Shi ya tsaya a bakin ƙofa ana wanka. Wani ɗalibi mai gemu har ƙirji ya zo zai shiga da waya a hannu, wai agogo yake dubawa, Almustapha ya karɓe ta ya jefa a aljihu ko kallonsa bai yi ba. Ya je ya samu Liman Zakariyya, tsohon abokin Malam, ya roƙe shi ya yi shela kafin salla cewa mamaci ya bar wasiyya, kada kowa ya ɗaga waya. Liman ya yi shelar har sau biyu, jama'a suka amsa da to.

Mutum ɗaya ne ya tsaya wa Almustapha a rai, shi ne ƙanensa Sabi'u, autan gidan.

Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sabi'u tun yana saurayi ya jingine allo ya bi masu haƙar zinari zuwa ƙasar Anka, ya tashi daga mai shiga rami ya koma mai riƙe sikeli, jiki ya murje. Da wannan kaɗai ne da sauƙi, kowa da inda abincinsa yake. Sai kuma ciwon kallon kai ya kama shi. Ya sayi ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto, wanda bai kai faifai girma ba. Abin da ya ja shi ga jirgin shi ne ba ya bukatar mai riƙe masa. Ka nuna masa kanka a fuskar waya, ka zagaye jikinka da yatsa, shi ke nan ya riƙe ka. Ka yi gabas ya bi ka, ka hau babur ya bi ka, ka tsaya ya tsaya yana jiran ka motsa.

Da Babbar Sallar da ta wuce Sabi'u ya zauna kusa da yayansa ya nuna masa abin da jirgin ya ɗauko. Ga Sabi'u yana tafiya tsakanin ramuka, hannu a aljihu. Ga Sabi'u a kan babur, iska na kaɗa riga. Ga Sabi'u ya tsaya yana hangen nesa kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Mutanen da ke cikin ramukan, ƙura ta rufe su har gashin ido, jirgin ya bi ta kansu ya wuce, don ba su aka ce ya bi ba. Almustapha ya miƙa masa wayarsa yana jin kamar ya wanke hannu. Shi kansa jirgin Sabi'u bai taɓa kuskuren kawo shi Tunga ba Malam na raye, saboda haka Almustapha bai taɓa ganinsa da ido ba, bai kuma san irin kukansa ba.

Sabi'u ya iso da hantsi a kan babur, laka har gwiwa, ido jawur. Ya faɗa ɗaki ya ga gawar ubansa, ya yi kuka mai taɓa zuciya. Amma da ya fito daga ɗakin da ya ajiye jakarsa, sai ga shi cikin shuɗiyar shadda mai ɗaukar ido da jar dara a ka, alhali kowa na sanye da abin da labarin mutuwa ya iske shi da shi.

Almustapha ya ja shi gefe. "Salla aka yi?"

"Yaya, waccan ta ɓaci da laka. Wagga ɗai nis samu cikin jaka."

"Wayarka hwa?"

"Tana aljihu, kuma nan za ta zauna. Hannuwana na makara na."

Hawaye na bin kumatunsa yana faɗa. Almustapha ya ji kunyar zarginsa, ya dafa masa kafaɗa ya sake shi.

Aka yi salla a filin gaban zaure. Jama'a ta taru sosai, babura na ta shigowa daga Adabka da ƙauyukan kewaye, ƙararsu ta cika gari. Da aka sallame Sabi'u ya ɓace ta bayan rumbuna na ɗan lokaci. Almustapha ya gan shi, ya ɗauka kama ruwa zai yi. Ana cicciɓar makara sai ga shi ya kutso, ya sa kafaɗa a gaba ta dama, wajen kai.

Ɗaukar makara ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ka sa kafaɗa ka taka kaɗan, na bayanka ya karɓa, kowa ya samu rabonsa na lada. Makarar malami kuwa har turereniya ake yi a kanta. Kusurwa uku suka yi ta sauya kafaɗu yadda aka saba, ta Sabi'u kuwa ko gezau. Wannan ya ce, "Kawo, ɗan Malam, ka huta," ya girgiza kai. Wani dattijo da ya yi shekaru yana ɗaukar karatu wurin Malam ya miƙo hannu, ya samu gwiwar hannu a haƙarƙari. Aka fara gunaguni, sai wani ya ce a bar shi, zafin rabuwa ne.

Almustapha ya karɓi kusurwar baya ta hagu daidai fita gari. Idonsa na kan hannuwan mutane da bakin aljihunansu, dama da hagu, ko wani zai saci jiki ya zaro waya. Babu wanda ya zaro. Har ya fara jin sanyi a ransa, ga maƙabarta can ana hango bishiyar gawon da ke bakinta.

Hanyar ta ƙuntata ta shiga tsakanin gonakin dawa. Ƙarar babura ta koma baya, ba a jin komai sai takun ƙafa a laka da kalmar shahada ƙasa-ƙasa. A cikin wannan shirun ne aka ji wani siririn ƙugi daga sama, irin na zumar da aka taɓa wa amya. Wani daga baya ya ɗaga kai. Bai ma ɗaga murya ba.

"Jirgi," ya ce.

Sai wanda ya zauna a ƙasar nan cikin shekarun nan zai san nauyin wannan kalma. Daga Anka zuwa Gummi babu majalisar da ba a ba da labarin wani taro da abu ya faɗo wa daga sama. Wasu su ce masu kaki ne ke leƙe da irin wannan kafin su saki wuta, wasu su ce ɓarayin daji ma sun samu nasu suna duba gari da shi kafin su shigo. Ko na wane ne, taron mutane yake nema. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Malamai, ɗalibai, dattawa masu sanda, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, dawa ta haɗiye su.

Almustapha bai yi shawara da kansa ba. Kafaɗarsa ta zame, ƙafafunsa suka ɗauke shi. Ya dai tsinci kansa rub da ciki a kwarin kunya, laka a baki, yana karanto duk abin da ya zo masa yana jiran wuta. Wuta ba ta zo ba. Ƙugin na nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Can sai ya ji muryar ƙanensa daga kan hanya.

"Jama'a ku hito. Nawa na. Na ɗaukar hoto na, ba ya komi."

Ya tashi ya ratso dawa ya fito. Makara na ƙasa a karkace. Sabi'u na durƙushe ya rungume gawar ta wajen kafaɗu, shi ya hana ta zamewa gaba ɗaya. Amma tabarmar da aka naɗe ta ta warware, ɗaurin likkafani na wajen ƙafa ya kwance, ƙafafun Malam Sharu duka biyu suna waje cikin laka. Ga fason nan na dunduniya, ga babban yatsan da farcensa ya mutu tun Almustapha na yaro. Mutumin da ko ɗalibansa ba su taɓa ganin ƙwaurinsa ba.

Almustapha ya zube a wurin. Ya kama bakin farar rigarsa ya share lakar daga tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ya ja likkafani ya ɗaure. Da ya ɗago sai ya ga abin. Yana tsaye cak a iska, bai fi tsayin rumbu ba, baƙin idonsa na kallon jar dara. Ya kuma ga Sabi'u, hawaye shaɓe-shaɓe, ya saci kallon sama sau ɗaya, sannan ya ɗan karkata kafaɗa yadda fuskarsa za ta fito sosai.

Almustapha bai taɓa jin ƙyamar wani ɗan Adam ba kamar yadda ya ji ta wannan da suka sha nono ɗaya.

Mutane suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kakkaɓe jiki ba ya kallon ɗan'uwansa. Liman Zakariyya ya fito yana ɗingishi, rawaninsa a hannu.

"Sauko da abin ga," ya ce wa Sabi'u.

Sabi'u ya matso da baki kusa da kunnen yayansa. "Yaya, kaɗan yar rage a kai kushewa. Tunda an riga an san nawa na, a bar shi shi ƙarasa mana."

Almustapha ya kafe shi da ido. Sabi'u ya miƙa tafin hannu, jirgin ya sauko ya zauna a kai kamar tantabarar gida, ya naɗe shi ya tura a aljihun shadda.

Aka ƙarasa, aka rufe Malam cikin gaggawa. Abin da ya ƙara ƙona wa Almustapha rai shi ne babu wanda ya yi wa Sabi'u faɗa. To wa zai yi? Duk wanda zai buɗe baki akwai laka a gwiwarsa da ganyen dawa a hularsa. A hanyar komawa ma sai ya ji wani yana cewa, "Kome aka ce, yaron ga bai saki ubanai ba." Wani ya amsa da cewa wannan gaskiya ne. Almustapha ya ce a ransa, ai jirginsa ne. Wa ya taɓa gudu don karen gidansa ya yi haushi? Ya waiwaya neman Sabi'u, ya hango jar dara a kan tudun da ake hawa in ana son waya ta kama. Aka ce ya je sanar da dangin Gusau rasuwa ne.

Sai bayan azahar ya samu ya ritsa shi. Ya ja shi ɗakin littattafan Malam, inda har yanzu ƙamshin tsohon ke nan, ya tura ƙyaure.

"Buɗe in gani."

Sabi'u ya buɗe wayarsa. Ga Tungar Gawo daga sama, jinka da kwano, ga jama'a fari fat a filin zaure. A tsakiyarsu wani ɗan koren akwati ya kewaye jar dara da shuɗiyar shadda, duk inda suka yi yana biye. Nan take Almustapha ya gane rigar, ya gane hular. Ba laka ce ta sa aka sauya kaya ba, don kada jirgi ya ɓatar da mai shi cikin fararen riguna ne.

"Shi yas sa ka hana mutane karɓa," ya ce.

"In nis saki nik koma cikin jama'a, sai shi rasa ni shi kama wani," in ji Sabi'u. Har da ɗan alfahari a muryar, irin na mai bayanin sana'arsa.

Hoton ba shi da sauti. Makara ta fita gari, ta shiga tsakanin dawa. Sai kawuna suka ɗaga. Almustapha a ransa ya ɗauka sai da kowa ya watse sannan shi ma ya bi. Jirgin bai ga haka ba. Mai farar rigar da ke kusurwar baya ta hagu shi ya fara saki, tun sauran na tsaye. Ya juya ya bangaje Liman, tsoho ya faɗi zaune, ya tsallake shi ya faɗa dawa. Bayansa ne makara ta karkace, sauran biyun suka saki. Da Sabi'u ya durƙusa sai jirgin ya sauko ya matso don kada ya rasa shi, ya tsaya. Ƙafafun Malam suka fito tar a ƙasan hoton, har fason dunduniya ana gani.

Almustapha ya kau da kai. Yanzu ƙyamar ta zama biyu, bai san wadda ta fi ɗaci ba.

"Ka ji wasiyyatai da kunnenka," ya ce. "Liman ya hwaɗi, ya maimaita."

"Yaya, ni ma ubana na. Kai kana da muryatai a kunne, kana da littattahainai, kai ka zauna da shi. Ni mi gare ni? Kuma ni ba Malam nika ɗauka ba, kaina nika ɗauka. Shi yas shigo ciki."

Akwai maganar da in ka ji ta sai ka rasa ta inda za ka kama ta don ƙazantarta. Almustapha ya dubi littattafan da ke jere a bango, ya dubi ƙanensa.

"Goge shi."

Sabi'u bai yi gardama ba. Ya goge a waya, ya zaro jirgin ya ciro ɗan katin da ke cikinsa ya goge na nan ma, ya nuna wa yayansa wurin fayau. Da Almustapha ɗan zamani ne, da saurin yardar nan ya ba shi tsoro. Amma shi mutumin allo ne, a saninsa abin da aka wanke ya wanku. Ya fita ya yi alwala, ya yi ta istigfari, yana lallashin kansa cewa ko ba komai ido huɗu kaɗai suka gani, kuma an shafe.

Ranar addu'ar uku jama'ar da ta zo ta wuce ta ranar jana'iza. Akwai fuskokin da babu wanda ya san su a Tunga, samari a kan babura daga Bukkuyum, daga Anka, suna gaisuwa sama-sama suna rarraba ido. Almustapha na zaune a zaure yana amsa ta'aziyya, yana mamakin yadda sunan Malam ya kai nesa haka.

Da rana ta ɗaga sai ga Alhaji Makau, wani dattijon dillalin hatsi daga Gummi wanda ya yi karatu wurin Malam tun yana saurayi. Ya zauna da ƙyar, ya yi addu'a mai tsawo, ya share ido da bakin rawani.

"Wane na ɗan Malam?" ya tambaya.

"Ga ni, Alhaji. Ni na babba, Almustapha."

"Allah Shi ba da haƙuri. Amma wancan nika nuhi, wanda bai gudu ba."

Mutanen zauren suka dubi juna. Alhaji Makau bai lura ba, ya laluba aljihu ya zaro waya, ya yi ta dangwala da yatsa har ya samo, ya miƙo ta daidai fuskar Almustapha. Hoton nan ne da aka goge. An ɗora masa wani sauti mai sa kuka, an rage saurin wurin da makara ta faɗi, an rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa ɗan halak bai saki ubansa ba.

"Jikana yan nuna mani," in ji Alhaji. "Duk Gummi shi aka kallo. Ni da nig ga ƙahwar ga, tun ba a hwaɗi mani ba nis san Malam na. Na sha zuba mata ruwan alwala. Ka gan ta? Dubi yatsan." Ya sa farce a kan gilashin. "Shi kau wanga mai hwarar riga da yaf fara saki, har da ture tsoho, Allah ɗai Ya san ɗan wane gida na."

Mutanen Tunga da ke zauren kowa ya samu abin kallo a saƙar tabarma. Liman Zakariyya ya ci gaba da jan carbinsa.

"Ina yaron?" Alhaji ya sake tambaya. "Ina son in sa mai albarka."

Almustapha ya ɗaga hannu ya nuna ƙofar zaure. "Ga shi can."

Sabi'u na tsaye a inuwar bango, samari sun kewaye shi suna ba shi hannu, wasu na jera kafaɗa da shi suna ɗaukar hoto. Da ya haɗa ido da yayansa sai ya saki hannun da yake riƙe da shi ya matso bakin ƙofa, ya rage murya.

"Wallahi Kamalu ɗai nit tura ma, abokina na Anka, tun kan tudu. Cewa niy yi shi aje mani. Ban ce shi saka ba."

Wayar na ta tsuwa a aljihunsa yana maganar, hannunsa na kai wa gare ta yana dawowa. Fuskar ta tuba ce, amma gefen bakin ya ƙi ba shi haɗin kai. Almustapha ya ji ko zaginsa ya yi ya ɓata bakinsa. Ya matsa gefe, Alhaji Makau ya wuce ya kama kan Sabi'u da hannu biyu yana kwarara addu'a.

Ana cikin haka aka aiko daga cikin gida, Inna, mahaifiyarsu, na kiran Almustapha.

Inna Atine na zaune a ƙuryar ɗakinta cikin kayan takaba. Matan da suka cika ɗakin suka tashi suka fita ɗaya bayan ɗaya da ya yi sallama, ta ƙarshe tana cusa waya a ƙarƙashin hijabi. Ya durƙusa a bakin tabarma. Ta yi ta murza bakin zanenta.

"Tun ina yarinya anka kawo ni gidan ga," ta ce. "Ban taɓa ganin hoton Malam ba sai yau."

"Inna, na sa an goge. Ban san..."

"Ya gaya mani kai yab ba amana. Ya ce hankalinai ya kwanta."

Almustapha ya sunkuyar da kai. Ya so ta zagi Sabi'u, ko ta zage shi, ko ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Matan ga suna ta tambayar mai hwarar riga," ta ce a hankali. "Wai daga bisa ba a gane huska. Ban ce masu komi ba. Amma ni nik koya maka tahiya, Almu. Na san gudunka."

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Tashi ka tahi, baƙi na jiran ka."

Ya tashi ya fito. A zaure dattawa sun haɗa kai a kan wayar Alhaji Makau, sautin nan na tashi ƙasa-ƙasa, wani na cewa a mayar baya kaɗan bai ga wurin ƙafar da kyau ba. Da suka ga Almustapha a tsaye sai suka matsa suka ba shi wuri.